Malamin Toronto da Wayoyin Togo

Farfesa Ronald Deibert na Jami'ar Toronto a Kanada ya ba da shekarun aikinsa ga tambaya guda: me intanet ke yi wa 'yancin jama'a? A 2001 ya kafa cibiyar bincike mai suna Citizen Lab. Sa'ad da mutane ke murna cewa talaka ya sami bakin magana, shi ya nace cewa mai mulki ma ya sami kunne.

Abin da ya faru a Togo ya gaskata shi. A Agusta 2020 cibiyarsa ta nuna cewa Bishop Benoît Alowonou na Kpalimé da Fada Pierre Chanel Affognon, masu kiran a gyara mulkin ƙasar, suna cikin mutum wajen 1,400 a duniya da aka kai wa wayoyinsu hari ta WhatsApp a 2019, da manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila. Ƙarfin aikin Deibert ke nan: ba ya tafiya da jita-jita, sai shaidar da ke cikin na'ura. Duk makiyayin ikilisiya da ke riƙe da asirin mutanensa a waya ya kamata ya kula, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma aikin yana da iyaka. Na'ura takan nuna wanda aka yi wa leƙe, ba ta nuna abin da saƙo ke yi a zuciyar mai ji. Zanga-zangar da jam'iyyar Tikpi Atchadam ta kira ranar 19 ga Agusta 2017 ta fi zafi a Sokodé, saƙonnin murya na WhatsApp kuwa sun taimaka wajen tara jama'a. A Satumba gwamnati ta katse intanet, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka a Yuni 2020. To, 'yar kasuwar Blitta ko manomin Dapaong, muryar wa suka gaskata? Wane saƙo ne ya haɗa Kirista da Musulmi a unguwa ɗaya, wanne ya raba su?

Ba a amsa wannan daga Toronto. Sai mai jin Kotokoli, Moba da Hausa, wanda zai zauna a zango ya saurara. Deibert ya yi rabin aikin da kyau. Sauran rabin yana jiran ɗaliban Jami'ar Kara da ta Lomé.