Masu Shayi da Aljanu: Labarin Ban Tsoro da Masoyansa a Yamai

Akwai wata fada a unguwar Bukoki, nan birnin Yamai, wadda na shafe kusan shekara biyu ina zama cikinta. Shayinta bai fi na sauran fadodi ba. Abin da ya kai ni shi ne abin da ake yi bayan an sauke butar farko: sai wani saurayi ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya matso da fitila, ya shiga karanta wa jama'a labarin aljanu da matsafa, har sai dare ya raba. Ga mai karatu na ƙetaren iyaka, fada a bakin ƴan Nijar majalisar samari ce ta bakin titi, irin wadda ta yaɗu tun shekarun 1990, sa'ad da takardar shaidar lakwal ta daina zama mabuɗin aikin gwamnati, zama ya yi wa matasa yawa.

Littattafan daga Kano suke zuwa, ta hanyar Maraɗi, sirara, a kan takarda mai arha, kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Da yake yawancin ƴan fadar da Faransanci suka yi karatu, Hausar boko kuwa sai da gargada, mutum guda ne ke karantawa, saura su kasa kunne. Daga baya wayar hannu ta karɓe masa aikin, amma zaman bai watse ba. Sunaye biyu ne suka raba fadar gida biyu, Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro, kuma ranar da na fara zama, kafin a miƙo mini kofi, sai da babban fadar ya tambaye ni, "Malam, kai na wa ne?" Na ce ni na labari ne. Aka yi dariya, aka ce wannan amsar ƴan jami'a ce.

Tun daga ranar nake juya tambaya guda a raina: me masoya ke yi wa marubucin da suke so, kuma me labarin tsoro ke yi wa jama'ar da ba ta ɗauke shi ƙage zalla ba?

Tsoro ba baƙo ba ne a adabinmu. Dodo na nan cikin tatsuniya tun kaka da kakanni, yana haɗiye yarinya mai taurin kai, amma tatsuniya takan rufe bakinta da shelar cewa ƙarya ce, yaro ya kwanta hankalinsa kwance. Da ƙagaggen labari ya shigo, aljanu sun biyo shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam ya kai har ƙasar aljanu, sai dai ba wanda ya taɓa kasa barci saboda littafin. Raha ce ke jan ragamarsa, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne kuma ke maƙale wa mai karatu a zuciya. Abin da marubutan Kano na baya-bayan nan suka ƙara shi ne sun ɗauko aljanin daga bayan duwatsu da tekuna, sun ajiye shi a ɗakin haya, a makarantar kwana ta ƴan mata, a gidan attajirin da ba a san tushen dukiyarsa ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma masu cewa littattafan ƴan kasuwa ne kawai ba su taɓa ganin ƙato mai gemu ya nemi rakiya zuwa gida bayan an rufe shafi ba.

To amma a nan ne wahalar take. Wanda ya yi lakwal a ƙasar nan da wuya bai gamu da Guy de Maupassant ba. A labarinsa Le Horla, na 1887, wani mutum ne ke rubuta abin da ke faruwa da shi kullum: yana ajiye ruwa da madara da dare, ya wayi gari an shanye, har ya kai ga cinna wa gidansa wuta don ya halaka abin da ba ya gani, ya manta barorinsa na ciki. Ƙarfin labarin duka yana kan shakka, domin mai karatu bai san ko akwai wata halitta ba, ko kuwa hankalin mutumin ne ya gushe. Na taɓa ba ƴan fadar wannan labari da baki. Ban kai ƙarshe ba wani ya katse ni, ya ce, "Yaya, ai wannan aljani ne, me ya hana shi neman malami?" Gaskiyarsa. A wurinmu samuwar aljanu ba abin muhawara ba ce. Sura guda ce sukutum a Alƙur'ani mai girma, ta 72. Marubucin Hausa ba shi da makamin shakka irin na Bafaranshe, saboda haka dole ya nemi tsoronsa a wani wuri.

Masu ƙwarewa cikinsu sun gane inda yake: a cikin mutum. Aljani a hannunsu ɗan aike ne kurum. Abin firgitar shi ne mijin da ya yarda ya ba da ɗansa don kuɗi, ko kishiyar da ta bi dare zuwa maƙabarta. Masu bin sahu kuwa, waɗanda suka fi yawa, sun tsaya ga jini da ƙoƙon kai da idanu masu fitar da wuta, sannan a shafi na ƙarshe malami ya iso, ya yi ruƙiyya, aljani ya yi kururuwa ya ƙone, a ɗaura aure. Ba na jayayya da aƙidar da ke ƙarƙashin wannan ƙarshe. Jayayyata ta adabi ce: labarin da aka san makomarsa tun daga bangon littafi ya zubar da rabin tsoronsa kafin a buɗe shi.

Laifin wa ke nan? Da farko na ɗora wa marubuta. Zaman fada ya sa na raba laifin biyu. Na ga yadda ake tsine wa littafin da ya ƙare ba tare da an ga bayan mugu ba, a ce marubucin ya ci amanar masu karatu, har a yi alwashin ba za a sayi na gaba ba. Marubucin da ke buga littafi da kuɗin aljihunsa, yana jiran ɗan kasuwa ya biya shi kafin ya buga kashi na biyu, ba ya iya toshe kunne ga irin wannan. Stephen King na Amurka ya mai da wannan matsi labari a Misery, na 1987, inda wata masoyiya ta tsare marubuci a gidanta, ta tilasta masa ya tayar da tauraruwar da ya kashe. Misalin H. P. Lovecraft ya ma fi kusa da namu. Ya rasu a 1937 ba a san shi sosai ba. Masoyansa biyu, August Derleth da Donald Wandrei, suka kafa kamfanin ɗab'i na Arkham House a 1939 don kada ayyukansa su salwanta. Ba don su ba, da wataƙila an manta da shi. Amma Derleth ɗin nan shi ne ya ɗauki duniyar Lovecraft, wadda dodanninta ba ruwansu da ɗan Adam ko kaɗan, ya mai da ita fagen yaƙi tsakanin na kirki da miyagu. Ya ceci maigidansa, ya kuma rage masa kaifi. So, in ji Hausawa, hana ganin laifi. Ashe yana kuma hana barin abu yadda yake.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ƴan fadar suna kallon Kano, alhali a bayan ɗakinsu akwai misalin da ya fi. A farkon shekarun 1970, ana tsakiyar babban farin Sahel, Moustapha Alassane ya shirya fim ɗin Toula daga wani labari da Boubou Hama ya rubuta. Fari ya addabi ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, aka zaɓi Toula, saurayinta ya bazama neman ruwa don ya fanshe ta, ya dawo an riga an gama. A kwatanta da labarin Daura, inda Bayajida ya sare kan macijin rijiyar Kusugu kowa ya huta. A Toula ba jarumin da ya iso kan lokaci. Ruwa ya samu, gari ya sha, kuma kowa ya san da me aka saye shi. Tsoron da ke cikin wannan ya wuce na idanu masu wuta nesa ba kusa ba, domin dodon a nan mutane ne da suka zauna, suka auna, suka amince.

Wannan ne ya dawo mini a rai a wani dare da ba na mantawa. An karanta labarin wata mayya mai kama kurwar yara, aka rufe littafi, hira ta zarce kan ƙanƙarar maita da yadda ake sa maye ya tsallake wanda ya kama. Can sai wani ya rage murya, ya ambaci wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bayan layin, wadda ba ta da kowa, ya ce jaririn maƙwabtanta bai daina zazzaɓi ba tun ranar da ta yi masa wasa. Ba wanda ya yi dariya. Littafin bai ambaci sunanta ba, marubucin bai san da zamanta a duniya ba, amma siffar da ya zana ta tsohuwa matalauciya mai jajayen idanu ta yi mata daidai kamar an gwada. Damina ce, sauro ya cika unguwa, kuma jajayen idanun nan na wadda ta shekara arba'in tana hura itace ne.

Babban fadar ne ya kashe maganar. Ya juya ga mai zargin ya ce, "Kai ƙane, gobe da safe ka raka uban yaron likita a auna jininsa, sannan ka zo mu ji." Ya miƙa hannu ya karɓi littafin, ya duba bangonsa, ya tambayi mai karatu ko kashi na uku ya iso daga Maraɗi. Aka ce sai mako mai zuwa. Aka ɗora buta ta uku.