Mawaƙi a Gaban Kotun Jama'a

A garinmu 'Yankara, da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau a ƙaramar hukumar Faskari, akwai wani makaɗin kalangu da ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye kuma yana da iyali. Tun ina yaro ba a ɗaura aure a unguwarmu a watse ba tare da an ji hannunsa ba. Ya san kirarin kowane gida, ya san kakan kowace amarya. Rana ɗaya wani gajeren bidiyo ya fara yawo a wayoyin mutane, ga shi zaune cikin daji yana kiɗa, 'yan bindiga suna rawa da makamai a kafaɗa. Wasu suka ce da dare aka zo aka ɗauke shi a kan babur, wasu suka ce da ƙafarsa ya tafi saboda kwaɗayi. Ba wanda ya je ya tambaye shi. Daga wannan mako ba a sake gayyatarsa biki ba. Da auren ƙanwata ya zo, mahaifinmu ya nemi shawarata, ni ne na ce a kira mai kiɗan na'ura. Saboda haka ba daga gefe nake wannan nazari ba, ina cikin alƙalan da nake son a duba hukuncinsu.

Tambayar da nake son bi ita ce: me ke kashe sana'ar mawaƙi a ƙasar Hausa idan surutu ya taso masa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce girman laifinsa. Ni kuwa abin da na gani a tarihin mawaƙanmu ya nuna mini wani abu dabam. Sau da yawa ba nauyin laifi ke kayar da mawaƙi ba, rashin wanda zai tsaya masa ne. Bahaushe ya riga ya faɗa, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Mu fara da na kusa da mu. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa wanda ya yi zama mai tsawo a Funtuwa, bai taɓa ɓoye halinsa ba. Ya yi waƙar “A Sha Ruwa” a cikin al'ummar da ta haramta abin da waƙar ke nufi, ya yi zambo mai zafi irin na “Gagarabadau”, ya shiga siyasa ya yi rigima da manya. Duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi, garin Sarki Muhammadu Bashar wanda ya daɗe yana yi wa waƙa. Hajiya Barmani Choge, ita ma ta Funtuwa, ta yi shekaru tana faɗa wa mata a cikin amada abin da ba a faɗa a zaure, har ta rasu a 2013 da mutuncinta. Muhammadu Gambu na jihar Kebbi ya gina sunansa kacokan a kan waƙar ɓarayi, daga baya ya bayyana tubansa, yau kuma ɗaliban jami'a suna rubuta kundaye a kan waƙoƙinsa. Ba wanda zai ce mutanen wancan zamani sun fi mu sakaci da addini ko tarbiyya. Abin da ya bambanta shi ne sun san matsayin maroƙi. Sun ba shi wani fili da ba su ba kowa ba, fili na faɗin abin da mai kunya ba zai faɗa ba, kuma kowane makaɗi yana da inuwar da yake fakewa, ko fada, ko attajiri, ko ƙungiyar masu sana'a, ko taron matan gari.

A zamaninmu inuwar ba ta gushe ba, sai dai ta koma hannun 'yan kaɗan. Bayan abin kunyar bidiyon da ya girgiza masana'antar finafinan Kano a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace finafinai, aka shiga kame. A shekarar aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna “Bahaushiya”. A watan Yulin 2009 aka kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, a kan waƙar “Hasbunallahu”, wadda turkenta kai ƙarar azzalumi ne gaban Allah, ba tare da ta kama sunan kowa ba. A watan Satumban 2019 aka kama Naziru M. Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa, bisa zargin fitar da waƙoƙin da ba a tace ba, a daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin fadar Kano da gwamnatin Abdullahi Ganduje. Dukansu uku sun sha wuya, amma ba wanda sana'arsa ta mutu. Zango ya ci gaba da zama cikin manyan taurari, Ala ya ƙara daraja a idon masana har ya samu sarautu, Naziru ya fito a shirin “Labarina” ya ƙara farin jini. Kamun ma ya zame musu wani abin ado, domin jama'a sun karanta shi a matsayin faɗa tsakanin mai iko da mai murya, suka bi bayan mai murya.

Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja a nan jiharmu, shi ne misali mafi bayyana. Ya tashi da waƙoƙin Buhari irin su “Masu Gudu Su Gudu”. A 2020 ya sha suka da ya nemi masoya su tura naira dubu ɗai-ɗai kafin ya saki sabuwar waƙar yabon shugaban, a lokacin da ake zubar da jini a ƙauyukanmu na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A watan Maris na 2023, bayan zaɓen gwamna, fusatattun matasa suka far wa kadarorinsa a Kano. A ƙarshen shekarar ya fito ya soki Buharin da ya yi shekaru yana wasawa, aka yi masa ca da zargin butulci. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya binne ƙaramin mawaƙi. Shi kuwa ya riga ya samu sabon ubangida a fadar shugaban ƙasa, kiɗansa bai tsaya ko na kwana ɗaya ba.

Yanzu mu juya ga waɗanda suka faɗi. A watan Oktoban 2016 mawaƙin nan na Jos, ClassiQ, ya fitar da bidiyon waƙar soyayya wanda Rahama Sadau ta fito a ciki suna rungumar juna. Waƙar tasa ce, amma ita ƙungiyar MOPPAN ta kora daga masana'antar. Rahama ta tsira domin ta samu wata kasuwar a Legas da ƙetare. Safiya Yusuf, wadda aka fi sani da Safara'u a shirin “Kwana Casa'in”, ba ta samu wannan ƙofar ba. A 2020 wani bidiyonta na sirri ya fita, ta rasa gurbinta a shirin, daga baya ta koma waƙa. Ina da abin cewa a kan waƙoƙin nata: kalmominsu ba su da zurfi, salonsu ya jingina da tsokana fiye da hikima, amshinsu ya fi ɗiyansu ƙarfi. Amma da wuya ka ji wanda ya yi mata irin wannan sukar. Ba a sauraren waƙarta a matsayin waƙa, ana saurarenta ne a matsayin ci gaban wancan bidiyo. Wanda ya fitar da sirrin kuwa, jama'a ba su taɓa neman sanin ko wane ne ba.

Mafi nauyi shi ne al'amarin Yahaya Sharif-Aminu, matashin mawaƙin bege ɗan shekara 22 daga unguwar Sharifai a Kano. A watan Maris na 2020 aka zarge shi da yin ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wata waƙa da ta yaɗu ta WhatsApp. Ni Musulmi ne, na san zafin wannan zargi a zuciya, kuma hukuncinsa na malamai da alƙalai ne, ba na ɗalibin adabi ba. Abin da ya shafi nazarina shi ne jerin yadda abubuwa suka faru. An ƙona gidan iyayensa tun kafin a gurfanar da shi. A ranar 10 ga Agustan 2020 babbar kotun shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin kisa, sannan a watan Janairun 2021 babbar kotun jihar Kano ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a, domin an yi ta ba tare da lauya ya tsaya masa ba. Wato taron jama'a ya riga kotu yanke hukunci, ya kuma zartar da shi a kan iyayen da ba su rera komai ba.

Idan aka jera waɗannan sunaye, abin da ke fitowa ba ya da daɗin ji. Namiji mai suna da magoya baya yakan fita daga rigima da ƙarin kwarjini. Mace, da matashin da ba a sani ba, da makaɗin ƙauye, su ne ake gamawa da su. Ma'aunin namu ba laifi yake aunawa ba, ƙarfin mai laifin yake aunawa.

Ba ina cewa mawaƙi ya fi ƙarfin tuhuma ba. Ya kamata dai mu rarrabe abu uku da muke cakuɗawa. Akwai laifin da aka yi wa sana'ar kanta, kamar na mawaƙan nan biyu na Milli Vanilli da aka ƙwace wa kyautar Grammy a 1990 bayan an gano ba muryarsu ce a faifan ba. Wannan hurumin manazarci ne. Akwai laifin da aka yi wa bayin Allah, kamar na R. Kelly a Amurka, wanda kotu ta ɗaure shekara 30 a 2022 saboda cin zarafin mata da ƙananan yara. Wannan hurumin alƙali ne, kuma daɗin murya ba ya wanke shi. Sannan akwai abin kunya, da saɓani da masu mulki, da jita-jita, waɗanda ba su cutar da kowa ba sai mai su. Mu kan ɗauki na ukun mu yi masa hukuncin na biyu, alhali na farkon, wanda shi ne aikinmu, mun bar shi ba mai dubawa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana hanyar nazarin waƙar baka: a san salsalarta, a gano turkenta, a bi tubalan da aka gina shi da su, a duba salo da sarrafa harshe. Matakin farko a wannan hanya shi ne sanin yadda aka yi waƙar ta samu, wa ya sa aka yi ta, a ina, cikin wane hali. Kotun waya ba ta da wannan mataki. Daƙiƙa talatin na bidiyo sun ishe ta.

A wane rukuni makaɗin garinmu ya faɗa? Nan ne abin ya yi mini wuya. Kiɗa ba ƙaramin abu ba ne a wurin Bahaushe. Wanda aka kaɗa wa take an ɗaga shi, an ce shi wani ne. Mutanen da suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020, da ire-irensu da suka hana mu noma gonakinmu, ba su cancanci take ba. Matar da aka kashe wa miji tana da haƙƙin ta toshe kunnenta daga kalangun da ya yi wa makasansa kiɗa, kuma ba ni da bakin ce mata ta yi haƙuri. Amma a yankin nan wa bai taɓa miƙa wa mutanen daji wani abu ba? Manomi ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe, dangi sun sayar da gona sun kai fansa, ƙauyuka sun yi sulhu, gwamnati ma ta zauna da su a 2019. Duk mun kira wannan lalura. Makaɗi kaɗai muka ce nasa cin amana ne, domin shi ne wanda za mu iya hukuntawa ba tare da mun rasa komai ba.

Bara na same shi a bakin kasuwa yana ɗaure wa wani buhunan masara a kan amalanke. Na gaishe shi, na ce, “Baba, wai me ya faru a dajin nan?” Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, “Ɗana, babura huɗu suka zo. Kwana uku na yi. Sun ba ni kuɗi na karɓa, kuma na ci, ba zan yi maka ƙarya ba.” Na yi shiru. Sai ya ƙara da cewa abin da ya fi damunsa ba zuwan ba ne, kiɗan ne ya yi kyau. Ya so ya lalata shi, hannunsa ya ƙi.

Ban san hukuncin da ya dace da wannan magana ba, kuma ban rubuta wannan maƙala don in wanke shi ba. Abin da na tabbata shi ne an yi shekaru ana hukunta shi kafin a ji ta, ni ma da hannuna a ciki. Kirarin gidajen unguwarmu, wanda ba a rubuta a ko'ina ba, yana cikin kan mutumin da ke tura amalanke, kuma ba yaron da iyayensa za su bari ya je ya koya a wurinsa. Idan ya tafi, da su zai tafi. Ƙaramin ƙanena zai yi aure bayan girbi. Na gaya wa mahaifinmu wanda nake so a kira, ya ce in bari ya yi shawara da mutanen unguwa.