Ido Ma Yana Gajiya: Sharhi Kan Adon Ɗakunanmu

Duk wanda ya shiga sababbin gidajen da ke tasowa tsakanin Basawa da Samaru da Sabon Gari zai ga an kashe dukiya. Ga silin mai hawa-hawa, ga tayil mai sheƙi, ga fitilu ja da kore da shuɗi a falo guda. Amma kafin baƙo ya shanye ruwan maraba, idonsa ya gaji. Kuɗi sun yi aiki, tsari ne ya yi ƙaranci.

Laifin farko shi ne rashin shugaba a cikin launuka. Masana zane sun ce ja da rawaya da shuɗi su ne iyayen launi, daga gaurayarsu ake samun kore da ruwan lemo da shunayya. Ja da kore kishiyoyi ne, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, don haka idan aka ba su fili daidai wa daida a bango, sai su yi ta kokawa. Shi ya sa masu ƙawata ɗaki ke ba launi ɗaya mai sanyi kamar kashi 60 cikin 100, na biyu kashi 30 a kujeru da labule, mai kaifin kuma kashi 10 kacal. Launi mai kaifi gishiri ne, in ya yi yawa ya ɓata miya.

Laifi na biyu shi ne kwaikwayon hotunan waya ba tare da duban ƙasa ba. Farin bango ƙal da baƙar kujera mai sheƙi sun dace da garin da rana ke rowa. A Zazzau kuwa, hasken bazara yana dukan farin tayil ya koma cikin ido, ƙurar hunturu kuma tana tona asirin baƙin kaya tun kafin azahar. Uwargida ce ke biyan wannan bashi da tsumma a hannu.

Abin takaicin shi ne, malamin yana nan kusa. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Birnin Zariya da ƙasa da azara. Bakan gizonsa yana ɗaukar ido daga gindin ginshiƙi ya kai shi sama a hankali, zanen da ke jiki kuma haske da inuwa ne ke fito da shi. Magina sun san makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, sun san farar ƙasa da shuni. Launukansu kaɗan ne, kuma daga ƙasar da gidan ke tsaye a kai suka fito. Haka jeren amarya yake: kwanuka iri ɗaya, sahu bayan sahu, babba a ƙasa ƙarami a sama. Maimaici da daidaito ke nan, waɗanda yau ake koyarwa a aji.

Ba a cewa tsohon ɗaki bai da aibu. Tagoginsa ƙanana ne, cikinsa duhu, kuma yaɓe yana neman gyara kusan kowace damina. Komawa gare shi kacokan ba mafita ba ce. A 1958 wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna kira da a haɗa dabarar zamani da gadon gida. Wannan kira har yau bai ƙetara katangar jami'a ya shiga falon maƙwabtanta ba.

Don haka, kafin mai gida ya tafi kasuwar Sabon Gari sayen fenti, ya fara zama a ɗakin da hantsi da la'asar, ya ga inda rana ke faɗawa. Ya zaɓi launi ɗaya mai jure ƙura, kamar ruwan ƙasa ko ruwan madara, ya ba shi sarauta, sauran su yi masa fadanci. Ya kuma bar bango ɗaya babu komai, domin ido ya sami wurin hutawa.