BABI NA HUƊU: GASKIYA TA FI KWABO A FAGEN GASAR KASUWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan samuwar rubutun boko a ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba tarihin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a taƙaice, tare da nazarin irin gasar da ta fuskanta a kasuwa. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne, sababbin jaridun Hausa da intanet su suka kashe wa wannan jarida kasuwa. Wannan nazari bai gamsu da haka ba. Abin da za a nuna shi ne, tun asali ba kasuwa ce ta reni jaridar ba, gwamnati ce, kuma inuwar da ta raya ta ita ce ta hana ta koyon tsayawa da ƙafarta.

4.1 Kafuwar Jaridar

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu na shekarar 1939, a ƙarƙashin Hukumar Talifi wadda Dokta R. M. East yake shugabanta, kuma Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Daga cikin dalilan kafa ta akwai jita-jitar da ta bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Wato Turawan mulki suna bukatar bakin da za su yi magana da talakawa da harshen da suke ji. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya ta koma mako-mako, har ta kai tana fitowa fiye da sau ɗaya a mako. A shekarar 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, wanda a 1948 ya ƙara da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen.

Idan aka yi la'akari da wannan tarihi za a ga cewa ba neman riba ne ya haifi jaridar ba. Sunanta kansa yana nuna haka: kwabo ake sayar da ita, amma abin da ke ciki ya fi kwabo daraja. Ba za a musa cewa ta yi wa harshen Hausa gagarumar hidima ba. Ta taimaka wajen daidaita ƙa'idojin rubutu, ta samar da kalmomin siyasa da mulki, kuma filin wasiƙunta ya zama dandalin da 'yan bokon Arewa na farko suka riƙa kai kukansu. Sai dai ɗan da aka saba goyawa, ranar da aka sauke shi tafiya kan yi masa wuya.

4.2 Kishiyoyinta na Takarda

Za a iya kasa jaridun da suka yi gogayya da ita gida uku. Kashi na farko su ne jaridun larduna waɗanda Hukumar NORLA ta buga a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya. Waɗannan ba kishiyoyi ba ne na haƙiƙa, ƙanne ne, domin daga tukunya ɗaya ake zuba musu, kuma da hukumar ta rushe a 1959 ba su yi nisan kwana ba.

Kashi na biyu ya zo da Jamhuriya ta Biyu. Kamfanin Concord na Cif M. K. O. Abiola ya fito da Amana, shi kuma Kamfanin Triumph, wanda gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, ya fito da Albishir da kuma Alfijir ta ajami. A nan ne aka fara gasa mai ma'ana, sai dai gasar ta ra'ayin siyasa ce fiye da ta ciniki. Kowace jarida tana da uban gida, kuma ƙarfinta daidai yake da ƙarfinsa. Misali, rufe Kamfanin Concord da gwamnatin soja ta yi bayan rikicin zaɓen 12 ga Yuni, 1993, ya nuna cewa makomar irin waɗannan jaridu ba a hannun mai saye take ba.

Kashi na uku su ne jaridun 'yan kasuwa na baya-bayan nan, musamman Aminiya ta Kamfanin Media Trust, wadda ta fara fitowa a 2006. Gaskiya ne Aminiya ta zo da tsari mai jan hankali da labaran da suka shafi rayuwar yau da kullum. To amma ko da ta iso, ta tarar da giwar ta riga ta durƙusa. Tun a 1966 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta zama ƙarƙashin Kamfanin New Nigerian na Kaduna. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe kamfanin, a 2006 kuma aka mayar da shi ga gwamnonin jihohin Arewa 19. Rijiya ta gayya ba ta rasa ƙazanta. Abin da kowa ke da shi ba wanda ke ɗaukar nauyinsa. Bashin albashi ya yi wa kamfanin katutu, kuma a farkon shekarun 2010 jaridar ta ɓace daga hannun masu talla.

4.3 Babbar Kishiya: Rediyo

A ganin mai wannan nazari, kishiyar da ta fi cin kasuwar jaridar ba ta takarda ba ce. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Rediyo ba ya bukatar mota, ba ya bukatar iya karatu, kuma labarinsa na yau ne.

Garin Gidan Goga da ke Ƙaramar Hukumar Maradun ya isa misali. Dattawan da na zanta da su sun nuna cewa jaridar ba ta zuwa garin da kanta. Sai ta taso daga Kaduna ta bi ta Gusau, sannan malamin makaranta ko wani da ya je cin kasuwar Talatar Mafara ya riƙo kwafi ɗaya. Kafin nan labarin ya kwana, an riga an ji shi a rediyo. Wannan kwafi ɗaya shi za a karanta wa jama'a a majalisa, ya yi ta yawo hannu-hannu, daga ƙarshe ya ƙare a teburin mai tsire. Ma'ana, masu saurare da yawa, mai biya ɗaya. Daɗin daɗawa, manyan kamfanoni sun fi kai tallarsu ga jaridun Turanci, bisa zaton cewa mai karanta Hausa ba shi da abin saye. Da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada suka yi tsada, jaridar da ba ta da talla ba ta da inda za ta dafa.

4.4 Matsalar Amana

Akwai kuma batun yarda. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu a yankin Madatsar Ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, aka rasa rayuka da dama. Madatsar aikin Gwamnatin Tarayya ce, 'yan sandan nata ne, haka kuma jaridar a lokacin mallakarta ce. A irin wannan hali, ko me jaridar gwamnati ta rubuta, manomin Bakura ko Maradun zai karanta shi ne da ayar tambaya a zuciyarsa. Jaridar da ta ɗauki gaskiya a matsayin suna, yarda ce jarinta, kuma jarin nan ba a maido shi da tallafin gwamnati.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shafe fiye da shekara 70 tana fitowa, ba don ta rinjayi abokan gasarta ba, sai don an daɗe ana kare ta daga gasar. Abubuwa huɗu suka haɗu a kanta: dogaro ga gwamnati, da raunin rarrabawa zuwa karkara, da ƙarancin talla, da saurin rediyo. Intanet ya zo ne bayan an gama aski. Darasin da ke nan ga masu buga jaridun Hausa shi ne, tambayar farko ba ita ce wa zai ɗauki nauyi ba, a'a, ta yaya jarida za ta isa gari irin Gidan Goga da labarin da ya shafe shi, a ranar da yake bukatarsa. A babi na gaba za a duba salon harshen jaridar, musamman a sharhin edita.