Alƙalamin Masanin Shari'a: Nazarin Al'adar Rubuta Hukunci Domin Jama'a a Ƙasar Rimawa

Rubutun masanin shari'a iri biyu ne. Akwai wanda aikin kotu ke tilasta masa, kamar takardar ƙara da jawabin kariya da rubutaccen hukunci, akwai kuma wanda yake yi don ra'in kansa a wajen kotu, domin ya bayyana wa mutane ƙa'idar da ake yanke musu hukunci da ita tun kafin rigima ta kai su gaban alƙali. Wannan nau'i na biyu shi ne abin nazari a nan, kuma ƙasar Rimawa, wato yankin Wurno da Rabah da Goronyo da ke kewayen gulbin Rima a gabashin Jihar Sakkwato, wuri ne da ya dace a auna shi, saboda a nan al'adar ta taɓa yin ƙarfi ƙwarai, a nan kuma ake ganin giɓin da raguwarta ta bari.

Shugabannin jihadin da ya fara a 1804 malaman fiƙihu ne tun kafin su zama masu mulki, kuma yawancin abin da suka rubuta kan shari'a amsa ce ga tambayar da wani ya kawo. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano bisa roƙon mutanen garin, waɗanda suka karɓi mulki alhali suna buƙatar jagora kan yadda ake naɗa alƙali da yadda ake tafiyar da hukunci. Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka domin tsaro da zaunar da jama'a, kuma ya rasu a can a 1837, ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya kuma amsa tambayoyin Sarkin Bauchi Yakubu a rubuce. Wannan salo shi ne na fatawa, ma'ana bayanin hukuncin shari'a da malami ke bayarwa ga mai tambaya ba tare da ikon tilastawa irin na alƙali ba. Abin lura shi ne amsar da aka rubuta domin mutum ɗaya takan bi hannun masu kwafi ta zama abin dogaro ga alƙalan da ba su taɓa ganin marubucin ba.

Ribar da marubutan suka samu ba ta tsaya ga lada ba, ko da yake lada ce suka sa a gaba. A cikin al'ummar da malamai ke bin diddigin juna, wanda ya rubuta ra'ayinsa ya miƙa wuyansa ga gyara, domin dole ne ya ambaci inda ya samo maganarsa, ko a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko a Mukhtasar na Khalil, ko a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, kuma duk ɗalibin da ya san littafin yana iya buɗe shi ya kama kuskure. Daga jure wa irin wannan bincike ne ake samun amincewar jama'a, wadda ita ce jarin masanin shari'a a kowane zamani. Muhawarar da aka yi ta wasiƙu tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno kan halaccin yaƙin, wadda Bello ya adana a cikin Infaƙul Maisur, ta nuna cewa har mai riƙe da takobi yana jin nauyin kare matsayinsa da hujja a takarda. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta ga cewa Larabci ba zai isa ga matan ƙauye ba, sai ta bi hanyar waƙa cikin Fulatanci da Hausa, mata jagorori da ake kira jaji na ƙungiyarta ta 'yan taru suna kai karatun gida gida.

Zuwan Turawa Sakkwato a 1903 ya sauya harshen doka da masu riƙe da ita. An buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, dokar laifuffuka ta Arewa ta fara aiki a 1960, sannan aka samu sabon ma'aikaci, lauya, wanda a zamanin mulkin mallaka ba a ma barinsa ya tsaya a kotunan alƙalai. Fiƙihun Malikiyya ya san wakili, wato wanda ke tsayawa a madadin mai ƙara ko wanda ake ƙara, amma bai zama sana'a mai makaranta da riga da kuɗin aiki ba. Shi ya sa har yau a karkara ake yi wa lauya kallon wanda ake haya ya juya magana. Wasu alƙalan sun ci gaba da tsohuwar al'ada cikin sabon rubutu, musamman Malam Haliru Binji da littafinsa Ibada da Hukunci, wanda ya shiga makarantu da gidaje saboda Hausarsa mai sauƙi. Rubutun lauyoyi kuwa ya karkata zuwa Turanci, domin junansu. Rahotannin shari'a na mako mako da Gani Fawehinmi ya fara bugawa a Legas a tsakiyar shekarun 1980 sun sauƙaƙa wa lauyoyi samun hukunce-hukuncen manyan kotuna, sun kuma ɗaukaka sunansa, amma manomin albasa a Goronyo ba ya cikin waɗanda aka rubuta domin su.

Amfanin rubutu ga lauyan yau a bayyane yake. Dokokin ɗa'ar aikin lauya sun taƙaita talla da farautar masu ƙara, amma sun yarda lauya ya rubuta maƙala ko ya shiga shirin rediyo da talabijin domin bayar da bayani kan doka, muddin bai mai da filin wurin ba wa ɗaiɗaikun mutane shawara kan shari'arsu ba. Ke nan rubutu yana cikin 'yan halattattun hanyoyin da jama'a za su san zurfin ilimin lauya kafin su ɗauke shi aiki. Babban muƙamin lauyoyi na ƙasa, wanda aka fara bayarwa a 1975, yana da ƙofa ta musamman ga malaman jami'a da suka yi fice da wallafa. Sai dai fa'idar da ta fi waɗannan ɗorewa ita ce horon da rubutu ke yi wa tunani, domin lauyan da ya zauna zai bayyana wata ƙa'ida da Hausa ba zai iya ɓuya a bayan kalmomin Latin da na Turanci ba, kuma a nan ne yake gane ko ya fahimci abin ko haddace shi kawai ya yi.

Batun ƙasa ya isa misali. Arzikin Rimawa yana cikin fadama, inda ake noman shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, kuma madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ta ƙara wa gonakin rani daraja, ta kuma ƙara yawan jayayya a kansu. Gona guda tana iya kasancewa ƙarƙashin dokoki uku a lokaci ɗaya. Akwai al'adar aro da jingina, wadda sau da yawa da baki ake ƙulla ta a gaban shaidun da mutuwa ke ɗaukewa. Akwai fiƙihu, da rabon gadonsa, da ƙa'idar shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na ya riga bare sayen kason da aka sa a kasuwa, da ƙa'idar hauzi, wadda ke raunana ƙarar mutumin da ya zuba ido shekara 10 wani bare yana aiki da filinsa bai yi magana ba, alhali yana nan kuma babu abin da ya hana shi. Sannan akwai dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen jiha ga gwamna a matsayin amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, ta kuma ɗora diyya a kan gini da amfanin gona da sauran aikin da aka yi a filin. Magajin da bai san hauzi ba yana iya rasa gonar mahaifinsa saboda kunya da kawaici, halaye biyu da tarbiyya ta koya masa a matsayin nagarta. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe ɗan littafi, Ta'alimur Radi, ga hanyoyin mallakar matacciyar ƙasa, wato wadda ba ta da mai ita kuma ba a raya ta ba, abin da ke nuna cewa magabata sun ɗauki wannan fage da muhimmanci.

Al'adar tana da haɗarinta, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Sirrin wanda lauya ke wakilta amana ne, kuma a gari kamar Rabah ko Wurno, inda kowa ya san gonar kowa, sakaya suna ba ya ɓoye mai labari. Yin sharhi kan shari'ar da ke gaban kotu yana iya zama matsin lamba ga alƙali. Akwai kuma iyaka tsakanin bayyana yadda kotu ke aiki da wata ƙa'idar fiƙihu da bayar da fatawa, wadda ke buƙatar karatun da ba kowane mai digirin shari'a ya yi ba, ko da ya fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo inda ake haɗa fannonin biyu. Mafi muni shi ne taƙaitawar da ke zubar da sharuɗɗa, domin wanda ya ji rabin ƙa'idar hauzi zai ɗauka cewa daɗewa a gonar aro yana mai da ita tasa, alhali aro da jingina ba sa zama mallaka komai tsawon shekaru.

Duk da haka, waɗannan haɗurra suna kira ne ga kyautata rubutun da tsare sharuɗɗansa. Lauyoyi da alƙalan da suka fito daga wannan yanki suna da abin da marubucin Legas ba shi da shi, wato harshen mutanen da sanin rigingimunsu na burtali da iyakar gona da gado, kuma ƙaramin littafi cikin boko da ajami, ko shiri a Rediyon Rima, zai kai inda mujallar Turanci ba za ta kai ba. Ya wajaba reshen ƙungiyar lauyoyi na Sakkwato da malaman shari'a na jami'a su ɗauki rubutu da Hausa a matsayin aikin ilimi cikakke, su kuma fara da dokokin ƙasa da na gado, waɗanda su ne suka fi shafar manoman fadamar Rima.