Kaya a Bayan Mai Gudu: Sharhi kan Jan Tirela a Wasan Project Zomboid

1. Gabatarwa

Project Zomboid wasan kwamfuta ne na wani ƙaramin kamfani mai suna The Indie Stone, wanda ma'aikatansa suke Ingila da Kanada. An fara fitar da shi a shekarar 2011, sannan ya shiga kasuwar Steam a watan Nuwamba na 2013 a matsayin aikin da ba a gama ba. An gina labarinsa a jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, cikin watan Yuli na 1993, lokacin da wata annoba ta mayar da mutanen yankin gawarwaki masu tafiya, sojoji kuma suka killace wurin. Muldraugh da West Point da Louisville da ake yawo cikinsu duk garuruwa ne na gaske, an dai sake zana su ne don wasa.

Tun kafin mai wasa ya motsa ƙafa, rubutun da ke buɗe wasan yake sanar da shi cewa babu tsira, abin da zai biyo baya labarin mutuwarsa ne. Ba a cin wannan wasa. Abin da ake ƙirgawa kawai shi ne kwanakin da tauraro ya yi kafin a kai shi ƙasa. Wannan takarda za ta dubi wani ɗan ƙaramin ɓangare na wasan, wato haɗa tirela da mota a ja ta, domin a nan ne jigon wasan ya fi fitowa fili, kuma a nan ne rauninsa ya fi bayyana.

2. Kalmomi biyu

Kalmar "zombi" ta shiga Ingilishi ne daga Haiti, inda take nufin mamacin da boka ya tayar ya sa shi bauta, kuma masana da dama suna danganta asalinta da harsunan yankin Kongo da Angola. Zombin wannan wasa kuwa jikan na George Romero ne, wanda fim ɗinsa Night of the Living Dead ya fito a 1968: ba shi da ubangida, yana cin naman mutane, wanda ya ciza kuma ya zama irinsa. "Fatalwa" ba za ta ɗauki wannan ma'ana ba, tun da fatalwa ba ta da jikin da za a buge da mota. Saboda haka an bar kalmar yadda take.

Ita ma "tirela" tana buƙatar a yi hattara da ita. A bakin Bahaushe tirela babbar mota ce mai dogon baya. Wadda ake magana a kai a nan ƙarama ce, mai taya biyu, ba ta da inji, ta fi kusa da amalanke, sai dai mota ce ke jan ta maimakon jaki ko sa.

3. Yadda ake haɗawa, da abin da ake biya

Wasan ya yi shekara bakwai babu motar da ake tuƙawa. A 2018 ne fitowa ta 39 ta kawo motoci, jan tirela kuma ya zo cikin fitowa ta 41, wadda aka kammala a watan Disamba na 2021. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Mai wasa zai ja motarsa da baya har ta kusanci bakin tirelar, ya fito, ya tsaya kusa da mahaɗar, ya danna maɓallin V, ya zaɓi haɗawa cikin da'irar da ta bayyana. Haka nan ake jan motar da ta mutu.

Abin lura shi ne kowane mataki daga cikin waɗannan yana karya wata doka da wasan ya riga ya koya wa mai wasa da jini. Doka ta farko ita ce shiru, domin zombi da kunne yake farauta kamar yadda yake yi da ido. To ga inji yana ruri, ana gaba ana baya sau uku ko huɗu don a daidaita mahaɗa, duk wanda ke unguwar ya ji. Doka ta biyu ita ce kada a juya wa fili baya. Duk da cewa daga sama ake kallon wasan, ba a nuna wa mai wasa abin da ke bayan tauraronsa, sai abin da idonsa ya fuskanta. Wanda ya duƙa yana haɗa tirela ya ba duniya ƙeya. Doka ta uku ita ce kada a bar mota alhali ana kewaye. Haɗa tirela kuwa ba ya yiwuwa daga kujerar direba.

Hukuncin kuskure a nan ba ƙarami ba ne. A tsarin wasan na asali, yaƙushi yana sa wa mutum cutar sau 7 cikin 100, yanka mai zurfi sau 25, cizo kuwa ba ya kuskure, kuma babu magani. Tauraron da aka yi wata uku ana rainonsa, ya koyi kafinta ya koyi kanikanci, zai iya salwanta cikin daƙiƙun nan kaɗan da ya yi a duƙe tsakanin mota da tirela.

Bayan an haɗa ma ba a huta ba. Wasan yana lissafa nauyin kaya cikin nauyin abin hawa, don haka ƙaramar mota mai ɗauke da tirela cike takan tashi da ƙyar, musamman a kan ciyawa ko turɓaya. Wanda ya zaɓa wa tauraronsa halin direba mai sanyin ƙafa tun farko, don ya sami makin da zai sayi wani hali mai kyau, a nan yake gane tsadar cinikin. Juyawa tana neman fili. Komawa da baya kuwa ita ce babbar jarrabawa, domin tirela tana karkata ne zuwa ɓangaren da ba a nufa ba, kamar yadda take yi a zahiri. Babbar hanyar da ta tashi daga Muldraugh ta bi ta West Point zuwa Louisville tana da wuraren da motocin masu gudun hijira suka cushe suka mutu. Mota ita kaɗai takan sulale ta tsakaninsu, ko ta juya ta gudu idan ta yi karo da taron zombi. Mai tirela ba shi da wannan gata. Idan hanya ta toshe a gabansa, zaɓi biyu ne: ya fita ya kwance kayansa ya bar su, ko ya tsaya tare da su.

4. Abin da tirela ke faɗa

Me zai sa mutum ya ɗauki wannan kasada? Amsar tana cikin yadda aka tsara lokaci a wasan. Cikin kwana 30 na farko wutar lantarki da ruwan famfo suna ɗaukewa. Firji ya mutu, abinci ya ruɓe, famfunan gidan mai su daina aiki sai an kawo musu janareta. Shi kuma janareta nauyinsa 40 ne a ma'aunin wasan, alhali tauraro mai matsakaicin ƙarfi ba ya ɗaukar ko rabin haka ba tare da ya jigata ba. Ga katako, ga buhunan ƙusa, ga jarkokin mai, ga littattafan koyon sana'a. Duk wanda ya wuce makon farko zai tarar cewa abokin gabarsa na biyu, bayan zombi, shi ne nauyi.

A nan ne ƙwarewar masu wasan ta fito. Babu mai haɗa tirela sai wanda ya sa rai da gobe. Mai gudun ceton rai jaka ɗaya ta ishe shi. Ranar da mai wasa ya tsaya a gefen hanya ya dubi tirela ya ce wannan za ta yi amfani, ranar ce ya daina yarda da abin da aka faɗa masa a farkon wasa. Ya tashi daga mai gudu ya koma mai gida, yana tunanin hunturu, yana tunanin gona da katanga. Wasan bai hana shi ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Ya dai ɗaura masa burin nasa a bayan mota, ya bar shi ya ji nauyinsa a kowace kwana.

Wannan salo ya cancanci yabo, domin jigon bai fito daga bakin kowa ba. Babu wani tsoho a labarin da zai ce kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Hannun mai wasa ne ke gano haka lokacin da ya danna totur motar ta ƙi tashi, ga zombi goma sun doso, ya tuna cewa shi da kansa ya ƙara akwatin littattafai da talabijin ɗin da ba ya buƙata. A rubutaccen labari marubuci ne ke jefa tauraro cikin halaka, mai karatu yana kallo. A nan mai karatun ne ya yi lodin. Kuma ba kwaɗayi kaɗai ake hukuntawa ba, abin da ya sa batun ya fi ƙarfin darasin tarbiyya ke nan: wanda ya ƙi tara komai shi ma zai mutu, da yunwa ko da sanyi, watanni kaɗan bayan haka. Tanadi da haɗama a tirela ɗaya suke hawa, wasan kuma bai ja layi tsakaninsu ba.

5. Inda aka gaza

Sai dai wannan gini yana da ɓaraka. Ƙananan su ne na sana'a. Ba a neman igiya ko sarƙa kafin a ja wata mota, abin mamaki a wasan da ba a kafa katako cikinsa sai da guduma da ƙusa. Wani lokaci kuma tirelar takan yi tsalle ko ta kife ba tare da dalilin da ido zai gani ba, musamman idan mutane da yawa suna wasa tare ta intanet. Wannan ya fi na farko muni. Wasan da ya ginu kan cewa kowace mutuwa laifin mai wasa ce ba ya iya ɗaukar mutuwar da ta zo daga kuskuren lissafin inji. Wanda tirela ta kife masa haka kawai bai koyi komai ba, haushi kawai ya ji.

Babbar ɓarakar kuwa ita ce abin da ke faruwa bayan an isa gida lafiya. Zombi ba ya son kaya. Ba ya cin gwangwani, ba ya satar mai, bai san janareta ba sai ƙararsa. Tirelar da aka kwance aka bari a tsakiyar hanya za a dawo bayan mako guda a same ta yadda aka bar ta. Ke nan zaɓin nan mai zafi, na a bar kaya ko a mutu tare da su, yana rasa rabin zafinsa da zarar mai wasa ya gane cewa barin na ɗan lokaci ne. Bayan tafiya biyar ko shida gida ya cika, rashi ya ƙare, tsoro ya bi shi. Abin da ya rage shi ne jera gwangwani a kan kanta.

Romero ya ga wannan matsala tun 1978 a fim ɗinsa Dawn of the Dead. Mutum huɗu sun mallaki katafaren kanti, sun toshe ƙofofinsa da manyan motoci, sun sami duk abin da rai ke so, sai zaman ya zame musu kurkuku. Abin da ya rushe zaman kuwa gungun ƴan fashi ne a kan babura, rayayyun mutane da suka ga dukiya suka so ta. Project Zomboid ba shi da wannan mataki ga mai wasa shi kaɗai. Yana jin harbin bindiga daga nesa, yana jin jirgi mai saukar ungulu a sama, yana sauraron rediyo har tashoshi su mutu, amma ba ya haɗuwa da wani rayayye. Dukiyar da babu mai kishinta ba ta da nauyi a labari, komai nauyinta a ma'auni. Shaidar haka ita ce yadda al'amarin yake canzawa idan ana wasa da jama'a: tirela ba ta da ƙofar da za a kulle, wanda ya bar ta a hanya zai iya dawowa ya tarar da ita wayam, ko ya tarar babu ita ɗungum.

Fitowa ta 42, wadda aka saki don gwaji a watan Disamba na 2024, ba ta kawo rayayyun mutane ba, amma ta kawo dabbobi, shanu da tumaki da aladu da kaji, tare da tirelar ɗaukar su. Wannan ya taɓa matsalar ta wata fuska da ba a zata ba. Saniya ba gwangwani ba ce. Tana jin yunwa da ƙishirwa, tana firgita, tana mutuwa, kuma samun wata yana nufin sabuwar tafiya zuwa gonakin da ke nesa da gari. Wanda hanya ta toshe masa da saniya a baya ba zai ce bari in dawo mako mai zuwa da kwanciyar hankalin mai katako ba. Ita ce kaya na farko a wasan da lokaci ke ci kamar yadda yake cin mai jan ta.