Rigar da ta yi wa sikoloji kaɗan

An saba fassara sikoloji da "ilimin halayyar ɗan Adam". Sunan yana da daɗin faɗi, amma ya yi wa fannin kaɗan.

Tushen kalmar Girkanci ne, ma'anarta nazarin rai. Lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, abin da ya sa gaba shi ne yadda mutum ke gani da ji, da saurin amsawarsa. Sai a 1913 John Watson na Amurka ya nemi a taƙaita fannin ga abin da ido ke iya gani na aikatawa. Fassarar Hausa ta bi bayansa ba da sani ba, ta bar tunani da mantuwa da mafarki a waje. Karnukan Pavlov ma, ai ba ƴan Adam ba ne.

Babban aibin yana cikin kalmar "hali" kanta. Ga Bahaushe hali zanen dutse ne, abin yabo ko zargi, ba ya kankaruwa. Sikoloji kuwa ba ya yanke hukunci, sauyi yake bibiya. Nan ne abin ya shafi malamin makaranta. Yaron da ya kasa karatu, in an ce halinsa ne, an rufe maganarsa ke nan, saura bulala. Alhali a 1905 Alfred Binet da Théodore Simon sun tsara gwajinsu a Paris domin gano irin wannan yaro, a san taimakon da ya kamace shi.